Baƙo a Gidansa: Ritaya, Kogi da Tukunyar Tuwo

Laccar da aka gabatar a wani taron 'yan fansho da ma'aikata masu shirin ajiye aiki, a garin Wudil

 

Mai girma shugaban taro, wakilin Hakimi, Allah ya ja zamaninka, malamaina da ke sahun gaba, waɗanda har yau ba na iya miƙe ƙafa a gabansu, iyayenmu mata, 'yan'uwana 'yan fansho, da ƙannenmu da saura shekara ɗaya ko biyu su shigo layinmu. Sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zama.

Da aka kawo mini takardar gayyata na tambayi ɗan saƙon me ake so in faɗa. Ya ce, "Baba, yadda ake zaman ritaya." Na ce masa lallai an yi kuskuren mutum, domin ni shekaru ukun farko ban iya zaman ba. Ya ce ai shi ya sa aka zaɓe ni. To, tun da haka ne, ku saurare ni a matsayin wanda ya sha ƙasa ya tashi, kada ku ɗauke ni gwani.

Dokar kowa ya san ta. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta ɗaga wa malaman firamare da sakandare zuwa 65 ko 40, farfesoshin jami'a kuma suna kaiwa 70. Ni dokar malaman ba ta riske ni ba, na fita tun 2016, bayan na koyar da labarin ƙasa shekaru masu yawa, daga baya aka mai da ni ofis a Kano ina zirga-zirga kullum. Mutum yana sanin ranar fitarsa tun ranar da ya karɓi takardar kama aiki. Duk da haka idan ta zo sai ta zo masa kamar ɓarawo.

An yi mini walimar bankwana ranar Alhamis. Aka faɗi kyawawan halayen da ni kaina ban san ina da su ba, aka ba ni darduma da agogon bango. Dardumar na gane hikimarta. Agogon kuwa har yau ina mamaki, a ba mutum agogo a ranar da ya daina buƙatar sanin ƙarfe nawa. Ranar Litinin na dawo daga sallar Asuba, na yi wanka, na sa riga, na kafa hula, na fito zaure. Sai da na zauna a tabarma na tuna babu inda za ni. Na ji motocin Kano suna lodi, na ji yara sun wuce makaranta, unguwa ta yi tsit. Wayar da da take ruri har in kashe ta don in samu in ci abinci, ranar nan sau ɗaya ta yi ƙara, shi ma kamfanin waya ne yake tallar waƙa.

Kuɗi muke yawan magana a kai idan an ce ritaya, kuma da gaskiyarmu. Tun dokar fansho ta 2004 aka koma tsarin adashe, gyaran 2014 ya sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Jihohi kowace da nata tsarin. Babu wanda ke zauren nan da bai san wani da ya koma ga Allah yana jiran giratuti ba, Allah ya jiƙansu. Wannan magana ce mai zaman kanta, akwai waɗanda suka fi ni saninta, kuma an ce za su yi bayani bayan Azahar. Ni abin da ya kayar da ni wani abu ne dabam, wanda ba a rubuta shi a takardar sallama. Aiki shi ne yake raba mini yini gida-gida. Shi ne yake ba ni sunan da ake kirana da shi. Shi ne kuma yake tara mini mutane ba tare da na neme su ba: masinja, direba, abokan musu, mai kawo goro. Rana ɗaya aka kwashe duka, aka ce in tafi gida in huta.

Sai na tafi gida, na tarar gidan yana da mai shi. Shekara 32 ina kwana a gidan nan, ashe kwana kawai nake yi. Ban san ƙarfe nawa mai ruwa yake zuwa ba. Ban san maƙwabta mata suna shigowa hira da hantsi ba, sai da na ga sun daina shigowa saboda maigida yana tsakar gida a kishingiɗe da rediyo. 'Ya'ya sun watse, masu aure sun yi aure, masu karatu suna karatu. Gidan da ake tuƙa tuwon mutum 11 ya koma na mutum biyu. Da na rasa fayil ɗin da zan duba, sai na koma duba na Hajiya. Yaya aka yi man gyaɗa ya ƙare tun 20 ga wata? Magi nawa ake sa wa miya? Me ya sa ake barin fitilar banɗaki a kunne? Ta yi haƙuri wata uku. Rannan ta ajiye muciya ta ce, "Malam, shekara 32 ina tafiyar da gidan nan ba a taɓa turo mini odita ba. In aiki kake nema, ka faɗa a nema maka." Na ji zafin maganar, na fita majalisa, na tarar da tsofaffin abokan aiki uku kowa da irin tasa korar.

Daga baya na gane ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. A Japan likitoci har suna suka sa wa rashin lafiyar da ke kama matan da mazansu suka yi ritaya suka tare a gida. Jamusawa suna da wani fim na barkwanci na 1991, Pappa ante Portas, labarin wani babban jami'in sayayya na kamfani da aka sallama, ya dawo gida yana sayo wa matarsa kayan cefane katan-katan don a yi masa ragi, har ya kusa kashe aurensa. Ɗana ne ya nuna mini shi, yana dariya yana satar kallona. Ban yi dariya sosai ba.

Wannan ya kawo ni ga tafiyar da ta sa ake tsokanata da Bature a majalisa. A damunar 2019 ɗan nan nawa, wanda yake karatu a Jamus, ya matsa sai na je na ga inda yake. Wata Asabar ya sa ni a jirgin ruwa daga wani gari da ake kira Bingen zuwa Koblenz, a kan Kogin Rayin. Tafiyar ba ta fi kilomita 65 ba, jirgin ƙasa yana cinye ta cikin ƙasa da awa guda, mu kuwa muka kwashe awanni. Duwatsu dama da hagu, an sassaƙa jikinsu hawa-hawa an shuka inabi, kusan kowane tudu da tsohon gidan sarauta a kansa, wasu kango wasu ana zaune. Hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. A wani gari Kaub akwai ganuwa a tsakiyar ruwa, an gina ta tun wajen 1326, aikinta a zamanin kawai karɓar kuɗin wucewa daga jiragen fatake. Na ce wa ɗana, ashe shingen karɓar na goro a hanya ba mu muka fara ba.

Amma fasinjojin na fi kallo. Kusan kowa furfura. Kuma ƙananan 'yan yawo ne mu, don muna cikin tafiya manyan suke wuce mu: jirage masu tsawon mita 135, sirara, kowanne da fasinja ƙasa da 200, da ɗakunan kwana da wurin cin abinci, otal sosai a kan ruwa. Irin waɗannan suna tashi daga Amstadam ta ƙasar Holan su yi mako biyu kafin su kai Budapest ta Hangari. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne wata hanyar ruwa da Jamusawa suka haƙa suka gama a 1992, mai tsawon kilomita 171, wadda ta haɗa Kogin Main, reshen Rayin, da Kogin Danub. Danub kuwa ya kai kilomita 2,850, yana ratsa ƙasashe 10, manyan biranen ƙasa huɗu suna bakinsa. Kuɗin kujerar mutum ɗaya dubban yuro ne, ba ya rasa kusantar kujerar Hajji. Mafi yawan masu biya 'yan fansho ne. Ku tuna Jamus ita ce ta fara fanshon tsufa na gwamnati, zamanin Bismarck a 1889, lokacin sai mutum ya kai 70 yake karɓa. Sun fi shekara 130 suna koyon abin da za a yi da tsohon ma'aikaci. Mu kakanninmu manoma da maƙera da fatake ba su san ritaya ba. Mutum yana rage aiki ne da kaɗan-kaɗan, ɗa yana karɓar garma, tsoho yana komawa tufkar igiya da sasanta rigima, har ranar da za a ɗauke shi. Yanke aiki rana ɗaya kamar an sare reshe, da aikin albashi ya zo mana, kuma ba mu fi tsara uku muna fama da shi ba.

Kada wani ya ce na zo tallar yawon Turai. Wanda Allah ya hore wa kuɗin kujera ɗaya, ya san inda zai fara kai ta, ni ma na sani. Kuma kogin nasu ma yana da ranar wahalarsa. Shekara guda kafin zuwana, a Oktoban 2018, fari ya sa ma'aunin ruwa na Kaub ya sauka zuwa santimita 25. Jiragen kaya suka koma ɗaukar abin da bai kai rabin lodi ba, masu yawon da suka biya kuɗin ruwa aka riƙa kwasarsu a motocin safa.

Abu biyu na ɗauko daga can. Na farko a Koblenz na gan shi, inda Kogin Mosel yake shiga Rayin. An tare ruwan da madatsa, saman ya fi ƙasan tudu, to yaya jirgi zai sauka? Sun gina masa wani dogon ɗaki mai ƙofa biyu. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a riƙa zare ruwan a hankali. Kana tsaye a kai ba ka jin motsi, sai dai ka ga bango yana tsawo a gefenka. In ruwan ciki ya daidaita da na ƙasa, a buɗe ƙofar gaba ya wuce. Tsakanin Amstadam da Budapest akwai irin wannan matakala fiye da 60, kuma faɗinsu ne ya sa jiragen suke sirara. Na daɗe a tsaye ina kallo, ina tuna Litinin ɗin nan tawa. Ni ba a zare mini ruwa a hankali ba, daga saman madatsar na faɗo.

Na biyu tambaya ce. Wani tsoho da matarsa suna zaune kusa da mu a jirgin, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya gama. Ɗana yana mana tafinta. Da ya ji na koyar da labarin ƙasa, sai na shiga burga, na lissafa masa Rayin tun daga duwatsun Siwizalan har inda ya faɗa teku a Holan, kilomita wajen 1,230, yadda na sha zana wa ɗalibai a allo. Ya jinjina kai, ya ce a garinku akwai kogi? Na ce ƙwarai, a bakinsa aka haife ni. Ya ce in mutum ya shiga jirgi daga garinku, awa nawa zai yi ya kai gari na gaba? Jama'a, na yi shiru. Na fi shekara 20 ina haye gadar Wudil safe da yamma, idona a kan agogo. Rabona da shiga kwale-kwale tun ina ɗan firamare, ranar ma sai da na sha bulala.

Da na dawo, mako bai cika ba na gangara bakin kogi da sassafe. A takarda na san shi sarai. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa kafin su iso mu, daga nan masu taswira suke ce masa Kogin Haɗeja, mu kuma muna ce masa namu. Ya wuce Ringim, ya wuce Haɗeja, ya bazu a fadamun Nguru, ya gamu da ruwan Jama'are wajen Gashuwa, ya zama Kogin Yobe, ya bi iyakar Nijar har Tafkin Chadi. Bai taɓa ganin teku ba. Dattawan da ke nan sun tuna lokacin da yake cika ya tumbatsa da damuna, da rani kuma ya koma yashi ana tona rijiya a cikinsa. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, da ta Challawa a 1992, su suka mai da shi mai gudu rani da damuna. Mun samu noman rani, mutanen ƙasa da mu kuma suka samu raguwar ambaliyar da take ciyar da fadamunsu, ga kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa. Duk wannan na koyar da shi. Abin da ban sani ba shi ne ƙamshinsa da hantsi.

Wani masunci, sa'an ɗana na biyu, ya yarda ya ɗauke ni. Ya ce, "Baba, ka zauna a tsakiya, kada ka riƙe gefe, in ya karkata kada ka taimake shi." Muka bi ta ƙarƙashin gada. Ranar Juma'a ce, ranar kasuwa, tireloli sun fara fitowa daga kara da shanu za su Kudu. Daga sama gada hanya ce kawai. Daga ƙasa kuwa sai ka ji tana nishi duk lokacin da babbar mota ta hau, ga sheƙar tsuntsaye cunkus a jikin ginshiƙanta. Muka wuce masu haƙar yashi, ruwa iya ƙirji, suna nutsewa da bokiti suna cika jirgi har bakinsa ya kusa shan ruwa, tifofi suna jira a gaɓa. Muka wuce lambunan albasa da tumatir, injin ban ruwa yana tari. Ya miƙe tsaye a kan abin da ni a zaune ma nake salati, ya yi wa birgi wani juyi ya watsa, ta buɗe kamar faifai ta sauka. Jifa na uku ya fito da karfasa huɗu da ƙurungu ɗaya yana gurnani. Ya nuna mini inda ruwa yake da rami saboda an kwashe yashi, wurin da yara suke halaka. Awa biyu muka yi, kuɗin da na ba shi bai kai na motar Kano zuwa da dawowa ba.

A nan dole in tsaya in yi gargaɗi. Duk wanda zai shiga ruwa ya nemi rigar ruwa ya ɗaura, ko da matuƙin zai yi masa dariya, kuma kada ya shiga jirgin da aka cika. Ba mu manta da Bagwai ba, ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife da mutane, akasarinsu yara 'yan Islamiyya, aka rasa fiye da rai 20. Turawan ma da duk kayan aikinsu, a Mayun 2019 wani babban jirgin yawo ya bi ta kan ƙarami a tsakiyar Budapest, mutum fiye da 20 suka mutu. Ruwa ba ya sanin darakta.

Yanzu in zo kan tukunya, wadda na san ita ce ta sa wasu suka zo su ji ko da gaske ne.

Ba don Allah na shiga kicin ba, larura ce. An yi wa Hajiya aikin yanar ido, likita ya ce ta nisanci hayaƙi da tururi na wasu makonni. Kwana uku maƙwabta da 'yan'uwa suna aiko da kwano, Allah ya saka musu. Amma kowa da hidimarsa, kuma ni mutum ne mai hawan jini, abincin sayarwa ba ya yi mini. Rana ta biyar na ce a kawo mata kujera bakin ƙofar kicin, ta zauna da baƙin tabarau kamar shugabar sojoji, ni kuma na tuɓe babbar riga.

Tuwon masara muka fara. Ruwa ya tafasa, ta ce in dama gari da ruwan sanyi tukuna in zuba, wannan shi ne talge, in bar shi ya dahu. Ni da na saba a kawo fayil in sa hannu a wuce, minti uku na ce ya yi. Ta ce, "Malam, talge ba ya jin umarni." Da ya yi kauri yana tsalle yana fallatsa mini a hannu, aka ce in riƙa zuba gari da hagu ina tuƙawa da dama. Nan na san muciya ba abin wasa ba ce. Tukunya tana gudu, kafaɗa tana ciwo, gumi yana shiga ido. Na zuba garin da yawa a lokaci guda, ya yi gudaji kamar tsakuwa. Ta ce in danne su a jikin tukunya, in yayyafa ruwa, in rufe ya sulala. Na kwashe da mara, malmalar farko ta fito kamar an taka ta da mota. Miyar kuka ta fi sauƙi, amma ita ma da sharaɗinta: daddawa da albasa da attaruhu da busasshen kifi su dahu tukuna, sannan a rage wuta, a riƙa barbaɗa kukar ana kaɗawa da maburgi. Wanda ya juye ta gaba ɗaya zai ci ƙulalai. Muka ci a daren nan. Ta ce, "Ba laifi." Shekara 35 ana rubuta mini rahoton ƙarshen shekara, babu wanda ya faranta mini rai kamar wannan.

Daga baya na koyi farfesun tarwaɗa, tun da yanzu ina da abokai a bakin kogi. A zuba mata ruwan zafi a kankare yauƙin, naman ya ɗaure. In ta shiga tukunya kuma ba a sa mata ludayi, sai dai a ɗaga tukunyar a girgiza, in ba haka ba ta farfashe. Na koyi ɗanwake, na koyi kwaɗon zogale, na koyi ɗumame, wanda shi ne sarkin karin kumallon ɗan fansho.

Na san abin da ake faɗa. An ce an shanye ni. An ce mijin-ta-ce. Wani abokina ya ce in na ci gaba sai an saya mini zane. To ina da tambaya ga majalisa. Wane ne yake soya ƙwai a teburin mai shayi? Wa yake tsire da balangu da kilishi? Wa yake dafa wa sojoji, wa ya yi wa Turawan mulki kuku? Masuntan da suke kwana a tsibiri, da direbobin da suke kunna risho a gindin tirela, duk maza ne. Wato namiji in ya dafa don kuɗi sana'a ce, in ya dafa don matarsa ba ta da lafiya abin kunya ne. Ni dai ban ga inda lissafin nan ya daidaita ba. Malamai suna nan, su gyara mini in na yi kuskure: ya tabbata a Bukhari cewa an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta nuna cewa yana cikin hidimar iyalinsa ne har lokacin salla ya yi ya fita. Ba mu fi shi daraja ba.

Sai dai a yi hattara, kada odita ya sake dawowa da sabuwar riga. Kicin masarautarta ce, da sallama ake shiga. Kada ka koyi miya ɗaya ka fara gyara mata wadda ta shekara 30 tana yi. Mai mata biyu ko uku kuma ya san kalmar girki a gidansa tana da wata ma'ana, ya yi shawara kafin ya taɓa tukunyar kowa, kada a ce ni na haɗa shi faɗa.

Ribar da na samu ba ta tsaya a ciki ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma, fansho kuwa ya kasa kamo ta. Mutumin da ya san kwano ɗaya na gari malmala nawa yake fitarwa, ya daina zargin matarsa, ya koma yin dabara tare da ita. Yanzu ni nake shiga kasuwar Juma'a da kaina. Da kaka muke sayen hatsi, lokacin da tumatir ya yi araha mu yanka mu shanya kauɗa, kuɓewa ma haka. Sannan ga lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin magi, shi kuwa magi gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Likita ya sha faɗa mini haka ina cewa to. Sai da na ga da idona abin da ake jefawa a tukunya na gane. Muka ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, muka rage ɗaya abin. Maganina ban daina sha ba, kada wani ya je ya ce na ce a daina.

Iyayenmu mata da suka yi aiki, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ke zaune can, ku yi mini afuwa, na yi ta magana kamar maza kaɗai suke ritaya. Taku ta fi tamu wuya ta wani gefen. Namiji yana dawowa ya rasa abin yi, mace tana dawowa ta tarar an tara mata. "Ai Hajiya tana gida yanzu," sai a sauke mata jikoki huɗu da safe a tafi aiki, biki da suna da zaman asibiti duk ita. 'Ya'yanmu da ke bayan zaure, ku ji da kyau: uwarku ta yi wa gwamnati shekara 35, ba ta ajiye aiki don ta buɗe muku gidan raino kyauta ba. Ku tambaye ta tukuna.

Ku kuma ƙannena da saura muku shekara ɗaya ko biyu, ku fara zare ruwan tun yanzu. Hutun shekara da kuke sayarwa ko kuke ƙin ɗauka, ku ɗauka, ku zauna a gida wata guda cur ku ga yadda yini yake da tsawo. Ku san sunan maƙwabcin da ba ma'aikaci ba. In gona za ku yi ko kiwo, ku fara da kaɗan alhali albashi yana shigowa, don asarar farko ta same ku da abin toshewa. Giratuti in ya zo zai zo da baƙi: mai motar haya da za ta riƙa kawo kuɗi kullum, mai kwangilar da saura sa hannu ɗaya, da mai ƙanwar da ta dace da kai. Na ga gidajen da kuɗin shekara 35 ya ƙare a wata 8. Ku bar shi ya kwana, ya sake kwana.

Tsohon nan na jirgi, kafin mu rabu matarsa ta ce wa ɗana ya gaya mini ita kwana biyu ta ba mijinta a kicin a mako, kuma sai da ya shekara kafin ta daina ɓoye abinci a firji saboda tsaro. Ni ma kwana biyu aka ba ni, Talata da Asabar. Tambayarsa kuwa har yanzu rabin amsarta nake da shi, don ban wuce tafiyar awa biyu daga gada ba. Ni da masuncin nan mun yi alkawarin in ruwa ya ja baya bayan damuna za mu gwada yini guda mu ga inda za mu kai, kuma jirgin yana da wurin mutum biyu, in akwai mai rigar ruwa.

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Wani ya tare ni a ƙofa ɗazu ya ce shi sai ya ɗanɗana zai yarda. Gidana ba ɓoyayye ba ne, bayan Magariba ake saukewa. Sai dai a sanar da ni tun da hantsi, domin har yau ban iya auna garin da ya wuce na mutum huɗu ba.